Akwatin Hoton Baba da 'Yar Farinsa

Da daminar bana shekara ashirin ke nan da rasuwar mahaifina, wanda mutanen Filinge suka sani da Arzika Mai Hoto. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. A duk shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi guda a kansa ba, alhali tun da na ajiye alli na bar koyarwa nake cika wannan shafi da ta'aziyyar mutane. Na rubuta a kan abokan aikina, na rubuta a kan mushe, wato malamin boko, da ya fara koya mini karatu, har wata mai tuyar ƙosai ta bakin tasha na taɓa yi wa shafi guda. Waɗanda suka san mu suna cewa kunya ce ta hana ni, na kuwa bar su a haka don ya fi mini sauƙi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: fushi nake yi da shi. Shekara ashirin yana kabari ina fushi da shi, kuma ba don wani baƙo ya zo sayen tsohon akwatin hotonsa ba, da da fushin nan za a binne ni.

Ni ce 'yar farinsa. Wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ba ya buƙatar ƙarin bayani, amma saboda yaran yanzu bari in faɗa. A wurinmu uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa kallonsa ido cikin ido, ko ciwo yake yi ba sa nuna damuwa a gaban mutane. Ana yaye ni aka mayar da ni ɗakin kakata, uwar Baba, a cikin gida ɗaya. Sunana Barira, amma ban taɓa jin sunan nan a bakin mahaifina ba. In yana son ruwa sai ya dubi gindin bedi, itacen dogon-yaron da ke tsakar gida, ya ce, "A ce ma yarinyar tsohuwa ta kawo ruwa," ko da kuwa daga ni sai shi a wurin. Na san al'ada ce, ban kuwa raina ta ba, don ni ma da na haifi nawa ɗan farin haka na yi masa, karatun lakkol, wato na boko, bai cire mini ba. Sai dai sanin al'ada daban, zuciyar yarinya daban. Ƙawayena 'yan fari kowace tana da wata 'yar kafa da take gane ana sonta. Wata uban zai ajiye mata tsire a bakin randa kamar mantawa ya yi, wata ya sayo mata takalmi ya ce na wata ne bai yi mata daidai ba. Ni na nemi tawa kafar na rasa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar Baba kullum a sunkuye take a kan akwati.

Daga Kumasi ya zo da akwatin, shekarar da aka koro baƙi daga Gana, ina 'yar shekara tara ko goma. Abokan cin raninsa wani ya dawo da keken ɗinki, wani da rediyo, wani daga shi sai rigar wuyansa. Shi ya dawo da wani baƙin abu da bai fi mudu girma ba, mai ido biyu a gaba, ɗaya bisa ɗaya. Kakata ta juya shi a hannu ta ce, "Duk shekarun ga a kurmi, wanga na arzikin?" Ba irin na'urar da ake kangawa a fuska ba ce. A wuya ake rataya ta ta sauko daidai cibiya, a buɗe marfi daga sama, a sunkuya a duba cikin wani gilashi mai kusurwa huɗu. Idon sama na gani ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Fim ɗinta, da muke ce wa pelikil, faffaɗa ne, naɗe cikin takarda, hoto goma sha biyu kacal yake ci. In an wanke, dodon hoton, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga shi, ya kai tafin hannun yaro, kuma wannan girman ne ya ba Baba abinci a garin da wuta ba ta wadata ba, don ba ya buƙatar injin ƙara girma. Sai ya ɗora dodon a kan takarda cikin ɗakin duhu, ya buɗe wata 'yar kafa da ya huda a ƙyaure, ya yi salati ɗaya ko biyu gwargwadon ƙarfin rana, ya toshe. Hoto ya fito tas, har tsagar fuskar mutum kana iya ƙirgawa.

Amma ba kyan hoto kaɗai ya ba shi kasuwa ba, sunkuyawar ce. Kafin shi masu hoto sun sha zuwa daga Yamai, su kanga ƙarfe a fuska, su rufe ido ɗaya, su auna dattijo kamar maharbi ya ga barewa. Tsofaffin Kurfai ba sa yarda da wannan. Akwai wani tsoho a wani ƙauye ta wajen Bonkuku, mai riƙe da tsafin kakanninsu, wanda ko komanda mai mulkin yankin bai isa ya tsayar da shi gaban na'ura ba. Baba ya je, ya tuɓe takalmi, ya tsaya daga nesa ya sunkuya a kan akwatinsa. Tsohon ya dube shi ya dube shi, sannan ya ce wa mutanensa, "Wanga yaro ya san gaisuwa. Ku bar shi." Magidanta masu kulle suka riƙa barinsa ya shiga har tsakar gida, don ba ya ɗaga ido ya dubi matar kowa. Har surukansa, iyayen Inna, sai da ya ɗauka, abin da babu surukin da zai iya da ido a ɗage.

Da soja suka karɓi mulki sai aiki ya yi masa yawa. Jandarmomi sun kafa shinge a hanyoyi, wanda ba shi da takardar ɗan ƙasa, wadda muke ce wa dantite, ya sauka daga mota ya sha rana. Ran Lahadi, ranar kasuwarmu, layi tun daga ƙofar shago har bakin mahauta. Pelikil da tsada, sai Baba ya samo dabara: ya zaunar da mutum biyu a benci, biyu su durƙusa a gabansu, ya ɗauke su a dodo guda, in ya wanke ya raba kawunan da almakashi. Wata rana layi ya haɗa manoma biyu da suka shekara ba sa ga-maciji saboda iyakar gona. Kowanne ya ce shi wallahi ba ya shiga hoto ɗaya da wancan. Baba bai ɗago ba ya ce, "To ku biya na mutum huɗu huɗu." Nan take suka haɗa kafaɗa kamar Hasan da Husaini. Ya ɗauki 'yan samariya, ƙungiyar matasa ta lokacin, da gangunansu, ya ɗauki 'yan kokawa, amare, jarirai, alhazai, har da bajimin sa da mai shi ya fi so a kan 'ya'yansa. Ƙanena Hamidu yana da hoto tun yana rarrafe. Ragon layyarmu ma yana da hoto. Ni kaɗai ce a gidan nan ban taɓa tsayawa gaban akwatin ba. Ko hoton da aka nema na jarrabawata, kuɗin mota ya ba kawuna ya kai ni Yamai wani ya ɗauke ni, ni da na kwashe ƙuruciyata ina jan ruwan da ake wanke hotunan mutane da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne la'asar. In ya rufe shago ya dawo gida, sai ya zauna a gindin bedi ya fuskanci katanga, ya ba mu gefen kafaɗa. Ya ɗora akwatin a cinya, ya goge shi da wani tsumma, ya buɗe marfin ya sunkuya. A wurin aiki kansa tsaye yake sunkuyawa, amma a gida har da karkatawa, kamar kaza na duban shaho. Ni ina can gefe ina daka ko ina rubutu a allon lakkol. Kakata takan ce masa, "Abin ga sai ya karkace maka wuya." Haka zai zauna har a kira magariba, ni kuwa ina cewa a raina, mutumin da ya wuni da abu a wuya, mene ne kuma bai gani ba a ciki?

Ranar da zan tafi makarantar horon malamai, ita ce rana ta farko da zan kwana a wani gari ni kaɗai. Motar kasuwa ce, ta tsaya a tasha, tashar kuwa tana kallon shagon Baba. Kakata ta rako ni, Gwaggo Tamo ƙanwar Baba ta rako ni, maƙwabta sun rako ni. Inna ba ta fito ba, na kuwa san ba za ta fito ba, amma ta aiko da ƙullin ƙuli-ƙuli a hannun Hamidu, na gane. Baba yana zaune a bakin shago, ya juya wa tasha kafaɗa, kansa a karkace a kan akwati. Aka ɗora kaya, aka ɗora awaki, aka ɗora mu, direba ya sha shayinsa ya ƙare, duk Baba bai ɗago ba. Ban ce ya zo ba, ban ce ya yi magana ba. Ɗagowa ɗaya nake nema. Mota ta tashi ina kallon ƙeyarsa da hularsa har muka sha kwana, na yi kuka har Baleyara, wata Bazabarma da ke gefena tana ta ba ni haƙuri cikin harshenta, ta ɗauka mutuwa aka yi mini.

Zamani riga ne. Tun kafin soja su koma bariki hoto mai launi ya shigo, samari suka fito da ƙananan na'urori masu cin hoto talatin da wani abu, su aika Yamai a wanke da inji. Amare suka ce su ba sa son baƙi da fari, sai wanda zai nuna launin atamfa. Da darajar kuɗinmu ta faɗi, pelikil mai faɗi ya zama sai an yi sautu, daga baya ko an yi sautun ba a samu. Hamidu, da ya koyi sana'ar, ya sayi irin ta zamani, ya roƙi Baba ya gwada. Baba ya kanga ta a fuska sau ɗaya, ya sauke ya ce, "Ni ba ni iya zura ma mutane ido." Daga nan ya bar wa Hamidu shago. Amma bai bar akwatin ba. In na zo hutu da yarana zan tarar da shi a gindin bedin nan, da la'asar, yana duban akwatin da kowa ya san babu komai a cikinsa. Mutane suka fara cewa tsufa ya taɓa Mai Hoto. Ni ma, Allah ya yafe mini, haka na ɗauka.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Aka aiko mini a garin da nake koyarwa, na zo na tarar ya rame har ban so in duba ba. 'Yar fari ba ta zama a bakin gadon uba, don haka na zauna a dokin ƙofa daga ciki, Gwaggo Tamo tana kusa da shi tana yi masa fifita. Na zauna ina jira, don na ce yau kam ai babu sauran kunya, mutum yana bakin tafiya. Ko "sannu da zuwa" ce, ko ta bakin Gwaggo ce, zan karɓa. Can ya motsa baki, Gwaggo ta kai kunne, sai na ji ta ƙwala wa Hamidu kira ta ce ya kawo akwatin. Aka tayar da shi aka jingina da bango, aka ɗora masa a cinya. Ya buɗe marfin, ya karkata kai. Wayyo Allah, abin da na ji a ƙirjina ba ya faɗuwa. Na ce har yau? Har a nan? Na tashi na ce zan je in dama masa kunu, na fita. Ban dama kunun ba, bayan rumbu na je na zauna. Washegari da hantsi ya cika.

Da aka zo rabon gado babu mai son akwatin, don a lokacin ko kyauta ka ba mai hoto zai ce ka kai kasuwa. Gwaggo ta ɗauko shi ta dire a gabana ta ce, "Wanga naki na." Na ce a raina, to, abin da kowa ya ƙi shi ya dace da ni. Na naɗe shi a tsohon zane na tura ƙasan adaka, ban sake buɗewa ba. Dodannin hotunan kuwa, da suke cike da kwalaye a ɗakin duhu, wata damina rufin ya zube a kansu, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Fuskokin rabin ƙasar Kurfai suka tafi a haka, ban kuwa zubar da hawaye ba, don babu tawa a ciki.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowane yaro mai hoto ne. Za ka ga ɗan bana-bakwai ya miƙa waya a hancin dattijo ko sallama babu, a wurin suna, a wurin haɗari, har a wurin jana'iza. Wanda bai sami wanda zai ɗauka ba ya miƙe hannu ya ɗauki kansa. Jikata tana da hoto a wayarta da ya fi duk abin da Baba ya ɗauka a rayuwarsa yawa, ranar da wayar ta faɗa rijiya kuwa ta yi kukan wayar, ba ta yi na hotunan ba. Ban ce zamanin da ya fi ba, ni ba na cikin tsofaffin da ke ganin komai ya lalace. Matar da mijinta ke Libiya tana ganin fuskarsa duk dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma na san Baba ba zai zagi kowa ba. Zai dai tambaya a hankali, yana duban ƙasa, ko wanda aka ɗauka ya yarda.

To ana nan, bayan ƙaramar sallar bana, sai ga Hamidu da baƙo. Wani saurayi ne daga Yamai, mai ladabi, sana'arsa bin garuruwa yana sayen tsofaffin na'urorin hoto yana aikawa Turai. Na zaro akwatin daga adaka, ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Ya murɗa, ya danna, ya kai kunne, ya haska idanun biyu da tocila. Ya ce gilashin garau yake, bushewar ƙasarmu ce ta tsare shi, da a kurmi ya zauna da tuni ya yi fumfuna. Ya ce can samari sun gaji da hoton waya sun koma neman irin wannan, har an ci gaba da yin pelikil mai faɗi saboda su, don abin da babban dodo ke riƙewa har yau ƙananan na'urori ba su kamo shi ba. Sai dai masu gyaransu suna ƙarewa, in ɗaya ya lalace sai a yanka wani a gyara shi, shi ya sa mai lafiya kullum ƙara tsada yake. Da ya faɗi abin da zai biya sai da Hamidu ya gyara zama, don ya kai kuɗin bajimin sa. Hamidu kuwa ya daɗe yana son injin buga hoto a shago. Na ce, "Ɗauki, Hamidu, na ba ka kuɗin duka. Ni me zan yi da shi?" Wallahi har wani sanyi na ji. Muka yi da baƙon zai biyo ya ɗauka in ya dawo daga Abala.

Sai dai a gidanmu ba a fitar da kayan mamaci ba a gaya wa babba ba, babban da ya rage mana kuwa Gwaggo Tamo ce. Ta haura tamanin da yawa, ido ya yi rauni, amma bakin nan yana nan da kaifinsa. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gujiya, na gaishe ta, na ajiye akwatin na gaya mata.

Ta ce, "Ki saida mi?"

Na ce, "Akwatin Baba, Gwaggo. Ajiyarsa ba ta da amfani. Abin da ya kalli kowa a garin nan ban da ni, me zan ci gaba da riƙonsa?"

Ta ajiye gujiyar. Ta dube ni da idanun nan nata masu hazo, sannan ta ce, "Ke Barira, da karatunki duka? Zamna. Ba nan ba, juya ki dubi katanga. Aza shi bisa cinya. To juyo idanun abin su dubo ni. Buɗe marhin."

Na yi yadda ta ce, don ba a musu da Gwaggo. Na sunkuya ban ga komai ba sai haske a kwance. Ta ce in karkata kai. Na karkata, na murɗa ɗan ƙarfen gefe kamar yadda na sha ganin yana yi. Sai ga Gwaggo a cikin gilashi, ƙarama, garau, da ƙwaryarta da gujiyarta, har ƙudan da ya sauka a gwiwarta ina gani. Fuskata tana kallon katanga, duk wanda ya shigo zai rantse akwati nake dubawa.

Ta ce, "Mi kinka gani?"

Na ci gaba da kallon gilashin.

Ta ce, "To haka shika yi. Tun kina dakan da taɓarya ta fi ki tsawo. Ran da kinka tahi makaranta, bai rufe marhin ga ba sai da ƙurar motar ta kwanta. Ni na zaci kin sani. Uwarki ta sani, tsohuwa ta sani, wa zai buɗa baki ya hwaɗi irin wagga magana?"

Na ce, da muryar da ban gane tawa ce ba, "To me ya hana shi ɗauka ko sau ɗaya?"

Ta ce, "In ya ɗauka ai sai ya wanke, in ya wanke sai ya shanya, kowa ya gani. Ina zai sa kansa?" Ta ja ƙwaryarta ta ci gaba da ɓara, sannan ta ƙara, kamar da gujiyar take magana, "Ana gobe zai cika ma ke ya biɗa. Da kinka tashi kinka fita, ya yi ta juya abin, ya nufa shi ƙofa, ya nufa shi taga. Da ya gaji ya rufe ya miƙo mini ya ce a ba yarinyar tsohuwa."

Rashin sani ya fi dare duhu. Ni da ban yi kuka a rabon gado ba, ni da ɗalibai suke ce wa Madam Dutse, na kifa kai a kan akwatin nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba, ta bar ni na yi mai isata. Abin da ke cina har yanzu da nake rubutun nan ba shekarun da na yi ina fushi ba ne. 'Yan mintocin nan ne. Da na ƙara haƙuri kaɗan a dokin ƙofar nan, da ya gama kallonsa ya tafi. Ya neme ni a wuri ɗaya tak da al'ada ta bar masa, ni kuwa ina bayan rumbu ina jin haushinsa. Na yi masa sadaka, na sa an yi masa saukar Alƙur'ani, amma babu sadakar da za ta mayar da ni bakin ƙofar nan.

Da baƙon ya dawo na ba shi haƙuri, na ce na fasa. Ya ƙara kuɗi, na ce ba ciniki nake ja ba. Yaron kirki ne, ya ce in riƙa murɗawa ina dannawa lokaci lokaci don kada ƙarfen ciki ya ƙage, ya yi sallama ya tafi. Hamidu ne ya ji zafi, da gaskiyarsa kuwa, don na yi masa alkawari na saɓa. Ya ce, "Yaya, abin da ba ya ɗauka, ba ya wankewa, ki hana ni inji saboda shi?" Na kaɗa masa tumakina biyu kasuwa ran Lahadi na ce ya fara da wannan, sannan na zaunar da shi ya fuskanci katanga na ɗora masa akwatin a cinya. Da ya ɗago bai sake maganar inji ba.

Ban san me zai sami irin waɗannan akwatuna nan gaba ba. Watakila samarin Turai su gaji su koma wani abin, watakila mai gyara na ƙarshe ya mutu su zama kayan ado a kan kanta. Na Baba dai ba zai sake cin pelikil ba, don ban iya ba, babu kuma mai wankewa a nan. Hotunansa da suka rage a ɗakunan mutane sun yi ja, jikoki suna sauke su daga bango don ba su san ko su wane ne a ciki ba. Shagon ya zama wurin cajin waya rabi, hoto rabi. In aka ce a auna abin da ya rage na Arzika Mai Hoto a garin nan, bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima, kuma ni yanzu na san abin da aka bar mini.

Na ce muku ina da ɗan fari. Ba zan rubuta sunansa ba, ban taɓa faɗa ba balle in rubuta. Yana aikin jinya a Abala, ya haura arba'in, yakan zo a kan babur wata Lahadin, a hanyar nan da yanzu ba a shiga sai da addu'a. Zuwansa na baya ya zauna a tabarma yana cin tuwo yana hira da ƙannensa, ni kuwa na ɗauko akwatin na zauna na fuskanci katanga. Na juya idanun abin, na karkata kai. Allah sarki. Ashe kunnuwan Baba gare shi. Ashe in zai yi dariya sai ya fara rufe ido ɗaya. Ashe har furfura ta fito masa a gemu, ni da na haife shi ban san ranar da ta fara ba. Ya gama ya wanke hannu, ya dubi wajena sau ɗaya, ya ga tsohuwa sunkuye a kan akwati, ya kawar da kai ya tashi. Na san abin da ya ce a ransa, don ni ma na faɗe shi shekara da shekaru.

Bakina ba zai iya ba, an riga an gina shi a haka. Amma ya iya karatu, na kuma san ƙannensa za su tura masa shafin nan a waya kafin azahar. Don haka, kai yaron tsohuwa, in Allah ya kawo ka lafiya ran Lahadi ka tarar da ni a gindin bedi ina duban akwatin kakanka, ba sai ka ce komai ba, ba sai ka dube ni ba. Ka dai zauna inda kake. Kada ka tashi sai na rufe marfin.